A Gidanmu Ba A Kashe Wuta

A gidanmu na Mahjar ba a kashe wuta, ɗaffe ta ake yi. Kalmar Larabawa ce, ɗaffi, muka lanƙwasa ta yadda bakinmu zai iya: ɗaffe fitila, ɗaffe murhu, ɗaffe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in ɗaki ya yi sanyi. Hausarmu dama cike take da Larabci kamar ta kowane haifaffen Jidda, don haka ban taɓa lura cewa wannan da gangan aka dasa ta ba, sai ranar da na sha mari a kanta.

Ina 'yar firamare lokacin. Na yini a gidan maƙwabta, na ji yadda 'ya'yansu ke magana. Da na dawo Umma tana shanya a tsakar gida, ta tambaye ni ko shayin yana kan wuta har yanzu. Na ce mata, "Na kashe." Ban ga tasowarta ba, sai ƙarar da na ji a kunnena. Matar da ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba. Ina kuka, ita ma ta koma bakin famfo ta zauna tana share ido da zanen da ta zo shanyawa. Kakata, wadda muke kira Sitti, ita ta ja ni ɗakinta ta ce tunda na isa faɗin kalmar, na isa jin labarinta.

Tun zamanin da Turkawa ke riƙe da garin nan, wani mutum ya taso daga ƙasar Hausa da matarsa da 'ya'yansa maza biyu da 'yarsa budurwa, suka zo aikin hajji a ƙasa. Bayan hajji ba su koma ba, suka kafa bukka a bayan ganuwar Jidda tare da sauran Takari, wato mutanenmu da suka zo ta wannan hanya. Wata safiya aka sami uban da uwar da samarin biyu a cikin bukka an yanka su. Budurwar ce kaɗai ta rayu, don ita a waje ta kwana, gefen murhu, saboda zafi. Da askarawa suka zo da tafintansu, wani da ya tsinci Hausa a kasuwa, aka tambaye ta abin da ta yi kafin barci. Ta ce, "Na kashe, na kwanta." Wutar murhu take nufi, in ji Sitti. Tafinta ya juya ya gaya wa askarawa da Larabci cewa ta amsa laifi da bakinta. Aka tafi da ita. Alƙali ya riƙe ta wani lokaci, ba shaida, ba jini a zanenta, ba a ga wuƙar ba, ya sake ta. Ba a taɓa kama kowa ba. Wannan budurwa ita ce kakar Sitti, kuma tun daga ranar sunanta ya ɓace, Na-Kashe kawai ake ce mata.

Ba zan yi ƙarya in ce na san abin da ya faru a bukkar nan ba. Wasu sun ce masu satar mahajjata ne su sayar, uban ya yi gardama. Wasu sun ce abokin tafiyarsu ne da suka yi faɗa a hanya. A cikin danginmu ma akwai kawuna guda da ya mutu yana cewa barcin da za a yanka mutum huɗu a gefenka ba ka farka ba, ba barcin Allah ba ne. Sitti ta riski Na-Kashe tana tsohuwa tukuf, ta ce sau ɗaya tak ta ji ta yi maganar, kuma maganar wutar ta yi. Iyakar abin da muke da shi ke nan.

Amma akwai abin da na sani, kuma shi ne ke cin raina tun ina yarinya har yau da na fara furfura. Askarawan ba su jin Hausa, na yafe musu. Tafintan jahili ne, shi ma ya tafi can. To mutanenmu fa, da ke tsaye cirko-cirko a wurin? Kowannensu da nonon Hausa aka shayar da shi, kowace mace a cikinsu ta kashe wuta a daren nan kafin ta kwanta, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce wuta take nufi. Na daɗe ina juya wannan, kuma amsa ɗaya nake samu: in ba ita ba ce, to wani ne a cikinsu, ko wani da suka gani suka ji tsoro. Ya fi musu sauƙi a bar marainiya da kayan. Suka bar mata, suka kuma gadar wa jikokinsu abin a matsayin wasa.

Ga yadda wasan ya iso kanmu. A unguwarmu in an yi biki ko rasuwa, mata ne ke haɗuwa da safe su yi girkin jama'a. Akwai tsohuwa mai rabon aiki, Hajiyar bakin layi, don gidanta ne na farko in ka shigo lungunmu. Ita ke cewa wance ta yi kaza. Manyan mata su zauna a kan tabarma a inuwa, kowacce da wuƙarta, suna yanka nama da albasa, a nan ake hira, a nan ake yanke shawarar unguwa. 'Yan mata da sababbin amare kuma a ba su faranti su koma gefe, jikin bango, suna tsintar shinkafa. Mace takan yi 'yan shekaru a jikin bango, ta haihu, ta natsu, wata rana Hajiya ta ce mata matso nan, ta miƙa mata wuƙa. Daga ranar ta zama babba.

Umma ba a taɓa ce mata matso ba. Ta shigo amarya aka ba ta faranti, ta haife mu tana kan faranti, ta aurar da mu tana kan faranti. Yaran da ta yi wa wankan jego sun tsallake ta sun hau tabarma. Kuma da zarar ta yi sallama sai wata ta ɗaga murya, "Ku ɓoye wuƙaƙe, jikar Na-Kashe ta iso." A kwashe da dariya. Umma ma ta yi dariyar, ta ajiye mayafinta, ta ɗauki farantinta. Wannan dariya tata ta fi komai ƙona mini rai.

Abin da zai ba ka haushi, sana'ar Umma sire ce, tsiren nan namu da Larabawa suka karɓe suna kira siriye. Ba macen da ta kai ta iya yanka a Mahjar kaf. Tana feɗe tsoka ta fito siririya, faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe, ba ta ko kallon hannunta. Daga unguwanni masu nisa ake zuwa da mota a tsaya ƙofar gidanmu. Matan nan masu cewa a ɓoye wuƙa su ne ke aiko yara da kwano, a ce Hajiya ta ce a ƙara yaji. Naman da ta yanka da wuƙarta yana wuce maƙogwaronsu lafiya lau. Ba tsoronta suke ji ba ko kaɗan, da tsoro ne da na fahimta. Daɗi suke ji akwai wadda ke ƙasa da su. Mu da a gari ana kallonmu baƙi duk da nan aka binne cibiyar kakanninmu, mu da rabinmu ke kwana da fargabar iƙama, takardar izinin zama, sai da muka nemo wadda za mu mayar baƙuwa a cikinmu.

Na sha ce mata ta daina zuwa. Takan ce mutuwa da aure ba a ƙaurace musu, kuma wata rana za su gaji. Ba ta taɓa faɗa mini tana son tabarmar ba. Amma ni ke biye da ita, ina ganin yadda take satar kallon hannun masu yanka, leɓenta na motsi in wata ta ɓata tsoka.

Na yi aure na koma unguwar Safa, a bene hawa na uku, inda maƙwabcinka bai san sunanka ba balle na kakar kakarka. Na sami aiki a ofishin wata makarantar 'yan mata, na haifi 'yata, wadda Hausa take ji sarai amma in ta tashi amsawa rabi Larabci ne. Duk Juma'a muna gangarawa Mahjar. Kuma da gaske abin ya fara mutuwa. Tsofaffin da suka fi iya wasan suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, Hajiyar bakin layi ma ta bi su. Rabon aiki ya koma hannun 'yarta, sa'ata, wadda muka yi makaranta tare. Wata Juma'a ina zaune ta shigo gaida Umma, ta durƙusa ta ce bikin ɗanta ya matso. Khala take ce mata, wato inna. "Khala, naman bikin nan ke za ki riƙe mana shi. Halas, shi ke nan, abin da ya wuce ya wuce."

Umma ta ce Allah ya kai mu, kamar an ce mata gobe za a yi rana. Amma da baƙuwar ta fita, ta tashi ta ɗauko wuƙarta ta aiki, mai ƙotar katako da ta yi baƙi saboda riƙo, ta ba ƙanena ya kai wa mai washi. Da aka dawo da ita ba ta ƙara yanka sire da ita ba, da wata take yi. Ta yanko sabon farin ƙyalle ta naɗe ta, ta sa a jakar da take zuwa biki da ita. Bikin saura wata da makonni. Na tsokane ta na ce amarya ma ba ta shirya haka ba, ta ce in tashi in ba ta wuri.

A tsakanin nan ne wani injiniya ya shigo rayuwarmu. Daga Najeriya ya zo aikin kwangila a wata masana'anta can unguwar masana'antu ta Jidda, kewar gida ta kawo shi ƙofarmu neman tsire. Yaro mai fara'a, mai gaisuwa har ƙasa. Umma ta ɗauke shi ɗa, tana zuba masa tuwo, tana ƙulla masa yaji ya tafi da shi. Ashe yana da wata sana'ar bayan injiniyanci, yana ɗaukar muryarsa a waya yana ba da labaran mutanenmu na ƙetare, yana watsawa. Wani ya tsegunta masa namu. Ya tambayi Umma, ta ce Allah ne masani, ta ƙara masa nama. Bai haƙura ba, ya je ya tattaro a bakin mutane.

A wurin aiki na fara jin abin, wata malama ce ta turo mini tana tambaya ko ba unguwarmu ba ce. Ya sa ƙarar iska a bayan muryarsa, ya sa ƙarar wasa wuƙa. Ya ƙawata bukka, ya ƙawata jini, ya kwaikwayi muryar mace yana jan kalmar, na kasheee. Sannan ya rufe da cewa zuriyarta na nan a Mahjar har gobe, kuma abin mamaki, da wuƙa suke cin abinci. Mace nawa ce ke sire a Mahjar? Cikin 'yan kwanaki samarin da ba su iya haɗa jimla ɗaya da Hausa ba sun fassara shi da Larabci suna tura wa juna. Abin da ya kusa shiga kabari tare da tsofaffi, sai ga shi a aljihun kowa.

Na kira shi. Na tambaye shi, shi da aka haifa a tsakiyar ƙasar Hausa, in ya iso gida me yake yi wa motarsa, in zai kwanta me yake yi wa fitila.

"Anti, wallahi na san da maganar wutar," in ji shi. "Na so in saka, sai na ga labarin zai yi sanyi. Kuma ai tarihi ne, ban kama sunan kowa ba. Sori in an ji ba daɗi."

Labarin zai yi sanyi. Tuwonmu yana cikinsa ya faɗa mini haka. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Bai sake zuwa ba. Umma kuwa har tambaya take ko lafiya yaron nan ya ɗauke ƙafa, don mun ɓoye mata, muna zaton ba ta ji ba.

Ranar girkin biki na zo tun da safe na raka ta. Ta sa atamfarta mai ruwan ganye, ta rataya jaka. Tsakar gidan cike, da 'yan unguwa da dangin amarya da suka zo daga Makka. Muna yin sallama na ga baƙin nan suna taɓa juna. Ba wadda ta ce a ɓoye wuƙa, sai shiru ya sauka, wanda ya fi wasan muni. Uwar ango ta taso da sauri ta tare mu kafin mu kai tabarma, ta kama hannun Umma ta yi ƙasa da murya.

"Khala, ma'alesh, ki yi haƙuri. Surukai ne, sun ji abin nan na waya. Kar a fara da surutu. Wani karon, in sha Allahu."

Faranti na hannun uwar angon na hagu, ta riga ta zo da shi. Umma ta dube shi, ta sa hannu biyu ta karɓa.

Ni ban san lokacin da na fara ba. Na ce musu munafukai. Na ce wacce ce a cikinsu ba ta kashe wutar gidanta ba kafin ta fito. Na ce kakanninsu sun tsaya suna kallo aka tafi da marainiya a kan kalmar da duk sun san ma'anarta, su kuma sun gaji rashin kunyar. Na nuna masu aiko da kwano ɗaya bayan ɗaya.  Sai na ji wata daga cikin baƙin ta ce wa ta kusa da ita, ba ma a ɓoye ba, "Shufi, kin gani, jinin ne."

Umma ta ja gefen abayata. "Zauna, ya binti," ta ce. "Kina ba su shaida."

Na zauna. Wannan ne abin da suka yi mana da ya fi hana wuƙa: sun hana mu ko fushi. In mun yi shiru mun amsa, in mun yi magana jini ne ya motsa. Na zauna jikin bango kusa da uwata, tsohuwa mai jikoki a tsakiyar 'yan mata, tana ture tsakuwa da ɗan yatsa, jakarta a ƙarƙashin cinyarta. Har aka gama ba ta ɗaga kai ta dubi tabarmar ba. A mota ta ce mini naman ya yi kauri, ba zai dahu daidai ba. 

Wani karon bai zo ba. Ta daina zuwa girki, ta ce ƙafa. Ta rage sire, sannan ta bari. Ba zan ce su suka kashe ta ba, ciwon sukari ne da hawan jini, likita ya faɗa, kuma ni na san illar ɗora wa mutum kisan da ba a gani ba. Amma na san matar da ta shiga gidan bikin nan da wadda ta fito. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu.

Washegarin jana'iza da safe suka zo, kamar yadda aka saba, don masu makoki ba su girki, maƙwabta ke yi musu. Ina ɗaki na ji an shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gidanmu, na ji ƙarar tukwane, na ji ana kwance wuƙaƙe daga ƙyalle. A tsakar gidan Umma, a inda take zama ta feɗe nama. Na tashi na buɗe sif ɗinta. Jakar bikin na nan yadda ta ajiye, wuƙar a ciki, farin ƙyallen ko kwance shi ba a yi ba.

Na fito da ita a hannu. Na ce kowacce ta mayar da wuƙarta jaka. Na sa 'yata ta kwaso duk farantan gidan, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙawa, manya da ƙanana, na nuna musu jikin bango. Mai rabon aiki ta ce, "Aib ne, ke ce mai makoki, ki bari mu yi miki." Na ce mata a gidan nan jikokin Na-Kashe ne ke riƙe wuƙa, wadda ba ta iya zama ba ga ƙofa. Ba wadda ta fita. Kunya ce ko son ganin ƙarshen abin, oho musu.

Na zauna ni kaɗai a kan tabarma da naman rago guda. Ni ban iya yanka ba, ma'aikaciyar ofis ce ni, Umma ta sha yi mini dariya a kan haka. Wuƙar kuwa tana da kaifin da ban taɓa gani ba, ta yanke ni a yatsa tun ban yi nisa ba, na ɗaure da farin ƙyallen na ci gaba. Wani yankan ƙato, wani ɗan mitsitsi. Rana ta cinye inuwar ta hau kaina. Su kuma suna jere jikin bango, ba ka jin komai sai ƙarar shinkafa a faranti. Abincin ya yi latti, maza a waje har sun aiko tambaya. Ban ji sanyi a raina ba, in gaya maka gaskiya. Wadda ya kamata ta zauna a wurin tana maƙabarta, kuma da tana nan da ta ce in tashi ina ɓata nama.

Da tukunyar ƙarshe ta nuna, 'yata ta leƙo daga kicin ta ce, "Ummi, halas ya dahu. In ɗaffe?"

Na ce, "Kashe ta."

Ta tsaya tana kallona, don ita ma da dokar gidan ta tashi, ko da ba a taɓa marinta a kai ba. Na sake faɗa yadda na jikin bango za su ji. Ta koma ciki, muka ji ƙarar makunnin gas. Sannan ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, a gabansu duka, ta faɗa da Hausarta mai ɗanɗanon Larabci.

"Na kashe."